Jakin Ɗan Farina

A garinmu uwa ba ta kama sunan ɗan farinta. Haka muka tarar, haka muka yi. Ba ta zama inda yake zaune, ba ta tambayarsa yadda ya kwana, in ya yi abin kirki a gaban jama'a sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Kunya ce, kuma a zamaninmu ado ce ga mace. Ni na riƙe ta da kyau, har ana misali da ni a unguwa. Da aka yaye shi uwata ce ta ɗauke shi, a ɗakinta ya yi wayo, shi ya sa ya tashi yana ce mini Yaya kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Har ya yi gemu, har ya ajiye iyali da 'ya'ya mata biyu, bai sake mini suna ba, ni ma bakina bai taɓa kama nasa ba. In maganarsa ta kama dole sai in ce wancan na sashen gabas, kowa ya san wanda nake nufi.

To amma kunya a baki take da ido. Ba ta hana kunne aikinsa.

Yana da wani tsohon babur da yake ɗaukar kayan lambu da shi, tumatur da albasa da tattasai, daga lambunan Watari ya kai kasuwar Bici. Babur ɗin nan yana da wani tari irin na tsohon da ya daɗe yana shan taba. Tun daga tsamiyar bakin gari nake gane shi cikin baburan duniya. In la'asar ta yi sanyi, ina zaune ina tsintar wake ko ina kaɗi, hannuna na kan aiki, kunnena na kan hanya. Da na ji tarin nan sai in yi hamdala a zuci in ci gaba da abin da nake yi. Ba wanda ya sani. Shekara da shekaru haka nake samun labarin ɗana ba tare da na tambayi kowa ba.

Da man fetur ya yi tashin da ya yi, sai ya sayar da tsohon, ya haɗa da wani ɗan maraƙi da yake kiwo, ya tafi birni. Ran nan na zauna jiran tari. La'asar ta wuce, kaji suka fara neman akurki, shiru. Waken da nake tsinta na tsince shi, na sake zuba shi a faifai na kuma tsincewa. Ina cikin haka na ɗaga kai, sai ga shi tsaye a tsakar gida, riƙe da wani baƙin babur mai sheƙi. Ya shigo kamar mage. Wai wannan ba ya shan mai, wuta yake ci, irin yadda wayar hannu take ci.

Garinmu akwai turakun lantarki, an kafa su tun ina da sauran haƙora, amma wayar da ke kansu ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai tsuntsaye. Don haka tare da babur ɗin ya zo da wani ɗan ƙaramin janareta ja, wanda namiji yake ɗauka da hannu ɗaya. Ƙanen mijina, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar maigidana, ya zagaya babur, ya zagaya janareta, ya riƙe haɓa.

"Ɗan nan, ka sayi jakin da ba ya cin ciyawa, sannan ka sayo saniyar da za ta ci ciyawar ta shayar da shi. Wa ya ba ka wannan shawara, in je in gaishe shi?"

Aka yi ta dariya. Ɗan nawa ma ya yi, ya ce abin da saniyar take sha da yamma bai kai abin da tsohon babur yake zuƙewa a hanya ba, kuma in ya je Bici ya tarar da wuta, a shagon abokinsa yake ɗan ƙara masa. Daga ranar sunan babur ya zama jaki, har shi mai shi haka yake kiransa.

Kowa ya yi murna, ni aka yi wa sata. An ɗauke mini tarin da nake jira. Kwanaki na yi ina zama da kunne a buɗe ba abin da yake shiga. Ba zan iya leƙa sashensa ba, ba zan iya ce wa matarsa ko ya dawo ba, ai sai a yi da ni a bakin rijiya. Sai Allah ya kawo mini sauƙi ta inda ban zata ba. Kullum in ya dawo, kafin ya ci abinci, sai ya ɗauki janaretan ya kai gindin darbejiyar da ke bayan ɗakinsa, don ya ce hayaƙinsa ba ya son rufaffen wuri, kisa yake yi. Sai ya ja igiya. Ƙarar nan ta cika gida, ta tsallaka danga. Mata suna tsaki, awaki suna firgita. Ni na fi kowa mita, ina cewa wannan abu sai ya kurmantar da mu. A ciki kuwa hamdala nake yi. Ya dawo.

Akwai wata 'yar kafa a zanan da ya raba sashena da nasa. Ta nan nake satar kallonsa. Ya fara zaro wani ɗan tsinke ya duba baƙin mai, ya murɗa makunnin fetur, ya tura wani ɗan ƙarfe gefe, ya taka janaretan da ƙafar hagu, ya fizgi igiya. In ya tashi ba ya haɗa shi nan take, sai ya bari muryarsa ta daidaita. Sannan ya jona wani baƙin akwati mai wutsiya biyu, ɗaya a janareta ɗaya a cikin jaki. Wata 'yar jar wuta ta kama. In ta koma koriya, jaki ya ƙoshi. Ba wanda ya koya mini, kallo ne kawai na wadda ba ta da izinin kallo.

Wata rana ya kama idona a kafar. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, fito in ɗora ki mu je Bici. Ba ya jijjiga, kamar kina kan tabarma."

Na ce Allah ya kiyashe ni hawa abin da yake shiga gidan mutane ba sallama. Na shige ɗaki ina jin dariyarsa. Ban taɓa hawa ba.

Ana cikin yankan gero zazzaɓi ya kama shi. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka sayo ƙwayoyi, idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Da hantsi aka samo mota za a kai shi asibiti. Autana da ƙanen mijina suka riƙo shi, ƙafafunsa na jan ƙasa, hanyar zaure kuwa ta ƙofar ɗakina take bi. Mata sun cika tsakar gida. Ina tsaye da muciya a hannu. Da suka zo daidai ni sai na faɗi abin da kowace maƙwabciya za ta faɗa, na ce Allah ya sawwaƙe. Ya tsayar da su, ya dube ni da idon nan.

"Yaya, a riƙa ba jakina abinci. In cikinsa ya daɗe a wofi mutuwa yake yi, ba ya sake tashi."

Mata suka ɗan yi dariya, aka ce ji shi, yana wannan hali yana ta jaki. Bai yi mako ba aka dawo mana da shi a naɗe.

Na zauna karɓar gaisuwa yadda ya kamata. Aka ce ya haƙuri, na ce da godiya. Ban yi kuka ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a idon mutane. Tsofaffi suka yi ta yaba mini. Ni kuwa magana ɗaya ce take kai da komo a kaina. Tun da aka cire yaron nan daga nono ban taɓa yi masa wani abu da hannuna ba. Ban ɗinke masa riga ba, ban miƙa masa ƙwaryar fura ba. Shi ma bai taɓa roƙona komai ba, ya san ba hali. Duk tsawon ransa aike ɗaya ya yi mini, shi ne wannan.

Bayan sadakar bakwai ƙanen mijina ya tattara kayan mamaci ya ce dukiyar marayu ce, ba mai taɓa ko tsinke sai matar ta fita takaba, an kuma shigar da amfanin gona, a raba gaba ɗaya. Jaki da saniyarsa aka kai rumfa aka lulluɓe da buhu. Na same shi a zaure na ce ina son a riƙa tayar da injin. Tsakanina da shi akwai wasa tun ina amarya, sai ya ce, "Tsohuwa, acaɓa za ki fara?"

Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gyara zama. Na tambaye shi awakin mamacin, ana ba su dusa ko an bar su sai ranar rabo. Ya ce ana ba su mana. Na ce to wannan ma mai shi ya ce yana mutuwa da yunwa, kuma a gabanka ya faɗa. Sai ya ce bari ya ji ta bakin liman. Liman ya ce duk abin da zai lalace in an bar shi, kula da shi ba cin dukiyar maraya ba ne, sai dai kada wanda ya hau. Fetur kuwa na ce nawa ne, daga daddawar da nake sayarwa.

Ni na zaɓi lokaci, na kuwa zaɓi lokacinsa. La'asar ta yi sanyi na sa autana ya kai janareta gindin darbejiya. Na koma sashena na zauna inda na saba zama, na ɗauki faifai. Ya ja igiya, ƙarar ta tashi. Na rufe ido. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, na ɗan wani lokaci komai ya koma daidai, hamdala har ta zo bakina.

Sai na ji gudun 'yan ƙafafu. Ƙaramar jikata ce, wadda ba ta daɗe da fara zuwa makaranta ba, ta fito daga ɗakin uwarta da takalmi ɗaya tana cewa Baba ya dawo. Ta kafar zana na ga ta yi turus a gaban baffanta. Ta leƙa bayan bishiya. Ta leƙa rumfa. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye shi ina babanta ya shiga. Autana, ƙato da shi, ya juya mata baya.

Washegari da sassafe surukata ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa, cikin kayan takaba, kai ba kitso. Yarinya ce mai kunya, tun da aka kawo ta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ta gaishe ni, ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta. Ta ce ƙaramar 'yarta ko tuwo ba ta ci ba jiya, tana bakin ƙofa har barci ya sace ta.

"Inna, don girman Allah, in za a tayar, kada a tayar da yamma." Ta sake sunkuyar da kai. "Ni ma sai da na miƙe zan kai masa ruwan wanka."

Ashe ba ni kaɗai ce mai kunne a gidan ba. Na so in ce mata yammar nan ita kaɗai ta rage mini. Amma da wane baki, ni da ban taɓa nuna na san yana fita ba, balle dawowa? Na ce ta tashi, an gama. Aka mayar da abin hantsi, ranar da yara suke makaranta, mako-mako. Ƙarar hantsi ba ta cewa komai. Ƙara ce kawai, da warin hayaƙi. Amma jaki yana ci, jar wuta tana komawa koriya, na ce wannan aka aike ni, ba jin daɗina ba.

Da aka gama yankan dawa autana ya tafi cin rani, kamar sauran samarin gari. Ƙanen mijina kuwa bayansa ya daɗe da ƙin sunkuyo. Na ce ba komai, ai na san hanya. Na ja janaretan a ƙasa har gindin darbejiya, na duba baƙin mai, na murɗa, na tura ɗan ƙarfen, na taka, na ja igiya. Igiya ta ja ni. Na sake, inji ya yi wani ɗan gurnani ya yi shiru. Na yi ta yi har kafaɗata ta ɗauki zafi, numfashina ya koma sama-sama. Makon nan jaki bai ci ba. Na biyun ma haka.

A goshin jakin akwai wani ɗan gilashi, in an murɗa makulli sai wasu 'yan layuka su fito. Ban san karatu ba, amma na san cike da wofi. Kullum na duba sai in ga sun ragu, ko ba a hau shi ba, kamar dabbar da take ramewa a turke. Zuwa neman mazan maƙwabta kuwa ya yi mini nauyi, don magana ta fara yawo. Wata ƙawata da muka yi 'yan matanci tare ta zo sayen daddawa ta same ni ina goge masa ƙura da gefen zanena, ta ce, "Ke kuwa, kunyar da aka san ki da ita tare aka binne su?" Da wasa ta faɗa. Na ci gaba da goge ƙura.

Ranar da na ga saura layi ɗaya, na sake jan inji zuwa gindin bishiya. Na ja igiya har hannuna ya ƙi ɗaguwa. Na zauna a kan saiwa ina kallonsa, ina cewa a raina shi ke nan, aike ɗaya, shi ma ya gagare ni. Sai na ji motsi a bayana. Surukata ce. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta duba ɗan ƙarfen nan ta ga na tura shi daidai, ta ɗora ƙafar hagu a inda yake ɗora tasa, ta fizgi igiya irin fizgarsa. Ashe ita ma ta taga take kallo. A ja na biyu inji ya kama. Na miƙa hannu zan jona akwatin, ta ce, "Inna, bari muryarsa ta daidaita." Maganarsa ce, har yadda yake faɗinta.

Jar wuta ta kama. Ta zauna a wancan gefe, ina wannan gefe, inji na ruri a tsakaninmu. Ƙarar ta kai ko mutum ya yi magana na kusa da shi ba zai ji ba. A cikin ƙarar nan kukan da na haɗiye tun ranar da aka kawo shi ya taso, na kuwa bar shi. Da na ga ba mai ji, sai na buɗe baki na kira sunansa. Sunan da aka raɗa masa ina kwance a ɗakin uwata ina yi kamar ban ji ba. Ya yi mini baƙo a harshe. Na sake kira.

Na dubi surukata, na ga leɓenta na motsi. Mace ba ta kama sunan mijinta, ita ma ba ta taɓa ba. Duk gidan nan mu biyu muka fi kowa kusa da shi, mu biyu ne kuma ba mu da izinin sunansa. Ba ta dube ni ba, ban sake dubanta ba. Muka zauna har wuta ta koma koriya, ta kashe inji, ta ce mini sannu, na ce mata sannu.

Haka muka riƙa yi har ta fita takaba. Ita ke ja, ni ke jonawa. Ba mu taɓa yin zancen abin da muke faɗa a cikin ƙarar ba.

Ranar rabo malamai suka zauna a zaure. Gona ta rabu, awaki suka rabu, hatsi ya rabu. Babur ba ya rabuwa, sai aka yi masa kuɗi, wani mutumin Bici ya saya. Da ya zo ɗauka ya murɗa makulli, layukan nan suka fito cif, ba wanda ya ɓace. Ya ce a yadda aka ba shi labarin daɗewarsa a ajiye, ya zaci gawa zai tarar. Ƙanen mijina ya ce matan gida ne suka yi kiwonsa. Janareta kuwa mutumin ya ce ba ya bukata, unguwarsu akwai wuta. Na aika aka ce a sa shi cikin rabona, aka sa.

Ina tsaye a bayan zana aka tura jaki waje. Na kasa kunne. Da tsohon ne, da na raka shi da kunne har tsamiyar bakin gari, har ya hau babbar hanya. Wannan ko fitarsa daga zaure ban ji ba. Sai da yara suka dawo suna cewa ya tafi.

Ba a daɗe ba iyayen surukata suka zo daga wajen Gezawa suka tafi da ita, da ƙaramar. Babbar aka bar mini, ita ke kwana a bayana. Da za ta tafi ta durƙusa a ƙofata, ta hango janaretan a ƙuryar ɗaki, ta ce, "Inna, in tayar miki kafin mota ta zo?"

Na ce ta bar shi, ba abin da za a ciyar. Ta ce to. Muka yafi juna.

Yana nan a ƙuryar, na rufe shi da tsohon zane. Autana ya ce in ba shi ya riƙa yi wa mutane cajin waya a bakin kasuwa, na ce ba yanzu ba. Ba na iya jan igiyarsa, kuma sunan nan ba ya fita a shiru, na gwada.

Yanzu irin jakin sun fara yawa a hanyar Bici. Jikata ce take gaya mini in sun wuce ta bayan dangarmu, ni ba na ji. Wataƙila nasa yana cikinsu. Na dai san da cikinsa a cike ya bar gidan nan. In la'asar ta yi sanyi nakan ɗauko faifai in zauna inda na saba, in zuba wake.